Catastrophe: yadda ake faɗarta, da abin da ya raba ta da disaster

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Kumo, ina shirin jarrabawar WAEC. Mun yi gardama da yayana a kan kalmar catastrophe. Shi ya dage cewa katastrof ake faɗa, ni kuma na ji wata mai karanta labarai ta ce katastrofi. Wa ya yi daidai? Sannan me ya raba ta da disaster, tunda ƙamus ɗina bala'i ya fassara su duka biyun?

Amsa: 'Yata, ke kika ci wannan gardama. Amma kada ki yi wa yayanki dariya da yawa, domin kuskurensa irin na wanda ya yi karatu ne. An koya masa tun yana firamare cewa harafin e idan ya zo a ƙarshen kalmar Turanci ba a furta shi, kamar a name da hope da life, sai ya ɗauki dokar ya ɗora a inda ba ta aiki. Akwai wasu 'yan kalmomi da Turanci ya aro daga Girkanci da Latin waɗanda suka ƙi bin wannan doka, suna furta e ɗinsu ta ƙarshe kamar i: apostrophe, epitome, hyperbole, simile, recipe. Catastrophe na cikinsu. Kuma idan yayan naki yana harka da mutanen Kamaru ko Nijar ko Cadi, to ƙila a bakinsu ya tsinto, saboda a Faransanci haka ake rubuta kalmar harafi da harafi, kuma can katastrof ɗin ake cewa. Ya yi daidai ke nan, sai dai a wani harshen.

Gaɓoɓinta huɗu ne: ka-TAS-tra-fi. Na rubuta ta biyun da manyan baƙaƙe domin a kanta ake danna murya. Wannan dannawar ita ce ran kalmar, ta fi i ɗin ƙarshe da kuka yi gardama a kai muhimmanci. Mu Hausawa karin sauti muke ji. Da shi muke raba kukan yaro da kukar miya, ko da yake rubutunsu ɗaya, kuma kowace gaɓa a harshenmu muna ba ta haƙƙinta cif-cif. Bature ba haka yake yi ba. Gaɓa ɗaya yake zaɓa ya ɗaga ta, ya ƙara mata ƙarfi da ɗan tsawo, sauran kuma ya cinye musu wasali. Shi ya sa ka ɗin farko ba ta fitowa fes kamar ka ta kaza. Wucewa ake yi ta kanta kamar ana sauri. Haka o ɗin da kike gani a gaɓa ta uku, a rubuce kawai take o, a baki kuwa wani rarraunan wasali ne da ba a ba, ba o ba. A kan wannan kalma Ingila da Amurka ba su da wani saɓani.

Na shekara fiye da ashirin ina koyar da Turanci a makarantun sakandare a nan Gombe, kuma dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce ta buga benci. Nakan sa aji duka su ɗora tafin hannu a kan benci, mu faɗi kalmar tare, a bugi bencin sau ɗaya tak, a kan TAS. Ranar farko sai ki ji bugu huɗu, kamar masu sussuka. Wasu su buga a kan ka, wasu su jira sai an kai ƙarshe. Akwai wani yaro daga Deba da ya sha alwashin sai ya buga a kan tro, yana ja mata wasali: katastirooofi. Kwana uku muka yi da shi. Abin da ya warkar da shi shi ne na ce ya faɗi TAS ita kaɗai da ƙarfi kamar yana korar akuya daga shanya, sannan ya ƙara trafi a hankali, sai daga baya ya saƙala ka a gaba. Ki gwada haka: fara daga tsakiya, ki bi ta baya, ki dawo gaba.

Wannan yaro ya nuna wata matsalar kuma, wato i ɗin da ya cusa tsakanin t da r. Ba laifinsa ba ne. Hausa ba ta yarda baƙaƙe su cunkushe a farkon gaɓa babu wasali a tsakani, shi ya sa muke da burodi da direba da tirela da fulawa da sukurudireba. Kakanninmu sun yi wa waɗannan kalmomi gyaran fuska sun zama namu, kuma babu abin kunya a ciki. Amma idan Turancin kike yi, s da t da r a jere suke tafiya. Sauƙin da ke nan shi ne ki bar s a ƙarshen TAS, sai ya rage tr kawai za ki yi fama da su.

Sai ph. Wannan f ce zalla, kamar a phone da photo. Sai dai f ɗin Turanci haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa, tamu kuwa da leɓɓa biyu muke yin ta, shi ya sa kunnen baƙo yake jin ta kamar p, mu kuma idan mun tashi gyarawa sai mu wuce gona da iri mu ce katastropi. Ki tsaya gaban madubi. Idan kin zo gaɓar ƙarshe kika ga leɓɓanki sun haɗe, ba ki yi ba tukuna. Sai kin ga haƙoranki na sama a kan leɓe. Jam'inta catastrophes, ƙarshensa fiz.

Yanzu ga inda masu shirya jarrabawa suke ɗana tarko, kuma ki riƙe shi da kyau domin takardar WAEC ta furuci tana tambayar gaɓar da ake dannawa. Da zarar kalmar ta koma sifa, catastrophic, sai nauyin ya tashi daga gaɓa ta biyu ya koma ta uku: ka-ta-STRO-fik. A nan o ɗin da ta mutu a suna ta farfaɗo, ka ɗin farko ma ta buɗe. Ba ita kaɗai ke haka ba. Kusan duk sifar da ta ƙare da ic, a kan gaɓar da ta zo kafin ic ɗin ake danna murya: economic, scientific, photographic, democratic. Wannan doka ɗaya ta sha ceton ɗalibaina maki biyu ko uku.

Disaster kuwa gaɓa uku ce, nauyi a tsakiya, kuma s ɗin farko z ake furta ta: di-ZAS-ta. Mutumin Landan yana jan a ɗin tsakiya ya kuma ajiye r ta ƙarshe, Ba'amurke yana furta r ɗinsa. Sifarta disastrous, kuma ki lura e ta faɗi. Na ja jan biro a ƙarƙashin disasterous sau ba adadi, har a takardun malamai.

Mu koma ga ma'ana, inda ƙamus ɗinki ya bar ki a tsakiyar hanya.

Catastrophe daga Girkanci take, haɗin kata, wato ƙasa, da wani aikatau mai nufin juyawa. A dunƙule, kifewa. Ki ɗauki ƙwaryar nono a kan 'yar Fulani a bakin Tashan Dukku, babur ya goge ta, ƙwaryar ta kife a ƙasa. Ba a kwashe nonon da ya zube a rairayi. Wannan hoton shi ne cikin kalmar. Da ta shigo Turanci a ƙarni na 16, a wasan kwaikwayo aka fara amfani da ita, tana nufin ɓangaren ƙarshe inda al'amura suke juye wa gwarzon labari. Sai wajen ƙarni na 18 ta ɗauki ma'anar da muka sani yau. Disaster kuma ta biyo ta Italiyanci da Faransanci, kuma a cikinta akwai kalmar tauraro, irin wadda ke cikin astronomy. Mutanen da suka ƙirƙiro ta sun yi imani cewa taurari ke juya rayuwar ɗan'adam, don haka disaster mugun tauraro ke nan. Mu ma ai mukan ce tauraron wane yana haskawa, ba tare da mun tsaya tunanin duba ba. Haka Bature na yau idan ya ce disaster ko kusa tauraro ba ya zuwa masa a rai.

Abin da ke zuwa masa a rai shi ne girma. Turanci yana auna waɗannan kalmomi da yawan ɓarna da kuma ko za a iya tashi bayanta. Tirela ta kife a hanyar Gombe zuwa Bauchi, wannan accident ne, haɗari. Gobara ta cinye layukan kasuwa, ko ruwa ya ci unguwa guda, 'yan kasuwa ko magidanta da dama sun wayi gari ba su da komai, wannan disaster ne. Catastrophe kuwa ana ajiye ta ne sai an kai inda rayuwar gari ko ƙasa ta kife, har a riƙa ƙidayar lokaci da ita, a ce kafin abin da bayan abin. Daren da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shanye babban ɓangaren Maiduguri, ya shiga asibiti da kasuwa da maƙabarta, har namun dajin gidan zu suka fita gari. Wanda ya kira wannan catastrophe bai yi ƙari ba. Haka abin da ya faru a tafkin Nyos na Kamaru a watan Agusta na 1986, lokacin da iskar gas ta taso daga ƙarƙashin ruwa cikin dare ta bi ƙauyuka, fiye da mutum 1,700 suka mutu, da yawansu a kan shimfiɗarsu, tare da dabbobinsu. A shekarar dai aka yi fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl. Kuma abin da Falasɗinawa suke kira Nakba, wato raba su da gidajensu a 1948, da catastrophe aka fi fassara shi zuwa Turanci.

Babu wani ma'auni da aka rubuta cewa daga mutum kaza zuwa kaza disaster ne, daga nan sama catastrophe. Kowace catastrophe za ki iya kiranta disaster ba ki yi kuskure ba. Chernobyl ɗin ma an fi ce mata disaster. Akasin haka ne ba ya yiwuwa koyaushe. Sannan akwai wuraren da harshe ya riga ya zaɓi ɗaya ya zauna a kai. Ambaliya da fari da girgizar ƙasa natural disasters ake ce musu. Aikin NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa wadda aka kafa a 1999, da takwarorinta na jihohi, disaster management ne da disaster relief. A can gefe kuma ana cewa humanitarian catastrophe idan yaƙi ko yunwa sun rutsa da jama'a, da environmental catastrophe, da catastrophic failure idan gada ko inji ya lalace gaba ɗaya farat ɗaya. Ma'aikatan lafiya ma suna da catastrophic health expenditure, wato kuɗin magani ya ci wani babban kaso na abin da gida ke kashewa. Ɗaya daga cikin ma'aunan da ake amfani da su shi ne ya haura kashi 10 cikin 100. Duk wanda ya taɓa sayar da gona ko saniya don jinyar mahaifi ya san dalilin da ya sa aka zaɓi kalma mai nauyi haka.

Bari in ɗan ratse. Masu aikin agaji suna raba hazard da disaster, kuma rabon yana da amfani gare mu mutanen Gombe musamman. Ruwan sama mai ƙarfi hazard ne, abin da ke iya kawo ɓarna. Ba ya zama disaster sai ya tarar da gida a bakin kwari, ko magudana cike da leda da robar ruwa. Garinmu a kwari yake zaune, ruwa daga tudu yake gangaro mana, zaizayar ƙasa kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Shi ya sa wasu masana ba sa son a ce natural disaster ma, suna ganin kalmar tana wanke hannun ɗan'adam. A jarrabawa dai ki rubuta natural disaster ɗinki, shi ne karɓaɓɓe.

Akwai kuma wasa da ake yi da kalmomin. Bature zai ƙona shinkafa ya ce the dinner was a disaster, ko a ci ƙungiyarsa uku ba ko ɗaya ya ce the match was a disaster. Ba wanda ya mutu. Abin ne bai yi kyau ba. Har mutum ana ce masa walking disaster idan duk abin da ya taɓa sai ya ɓaci. Da catastrophe ma ana yin haka, amma zolayar ta fi fitowa fili, kamar mai kiran kurji sankara. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, mu da muke cewa tumatir ya yi bala'in tsada, ko yarinyar nan tana da masifar kyau. Sai dai ki lura, mu ƙarfafa magana muke yi da su, mai kyau ko marar kyau, Bature kuwa a kan gazawa kaɗai yake ɗora tasa. Kada ki ce disastrously beautiful kina nufin bala'in kyau, ba za a gane ki ba.

To me ya sa ƙamus ya ba ki bala'i sau biyu? Na yi 'yan shekaru ina taya wani gidan rediyo fassarar labarai bayan na bar aji, kuma a nan na gane cewa matsalar ba ta ƙarancin kalmomi ba ce. Muna da su har sun yi yawa. Abin da ke akwai shi ne mu ba da girma muke rarraba su ba. Bala'i da masifa da iftila'i duka daga Larabci suka zo, kuma sun zo da addini a goye. Bala'i da iftila'i tushensu ɗaya, jarrabawa. Masifa kuwa ita ce musiba, abin da ya samu mutum, kalmar da ke cikin Suratul Baƙara aya ta 156, inda aka koya mana Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Saboda haka idan Bahaushe ya ce iftila'i ya faɗa wa mutanen wani gari, ya faɗi abin da ya faru, ya kuma faɗi yadda za a ɗauke shi: jarrabawa ce daga Allah, sai haƙuri. Disaster ba ta faɗin wannan. Ƙirga take yi kawai.

Na tuna wani dare da aka miƙo mini labarin gobara a wata kasuwa, a rubuce da Turanci, an kira ta disaster. Na rubuta bala'i. Wani dattijo da ke duba fassara kafin a shiga ɗakin watsa labarai ya cire tabarau, ya soke kalmar da biro, ya rubuta iftila'i a sama. Na ce, Baba, ai duk ɗaya ne. Ya ce, Malam, waɗanda rumfunansu suka ƙone suna sauraro. Ka ce musu bala'i ya sauka a kansu, wani zai ji kamar ka ce sun yi laifi ne aka kama su. Ban yi musu ba, domin gaskiya ya faɗa. Bala'i a kunnen mutanenmu yana ɗauke da ƙanshin azaba, iftila'i kuwa jaje ne. Masifa kuma ta riga ta raba ƙafa, rabinta na wajen masifaffiyar maƙwabciya mai faɗa a bakin famfo. Annoba ta fi zama a kan cuta mai yaɗuwa, kamar kwalara ko sanƙarau ko korona. Tsautsayi na mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan, kuma ba ya wuce ranarsa. Waƙi'a tana nan a bakin malamai da tsofaffi.

Don haka idan kina fassara daga Turanci, disaster takan zama iftila'i ko bala'i gwargwadon wanda kike yi wa magana, catastrophe kuma sai ki ƙara mata nauyi da kanki: babban bala'i, mummunan bala'i, gagarumar masifa. Sau da yawa ma gara ki kira abin da sunansa, ki ce ambaliya ko gobara ko fari, domin haka muka fi yi a magana. Idan kuma daga Hausa za ki koma Turanci, ki tambayi kanki abu biyu: mutum nawa abin ya shafa, kuma za a iya tashi a ci gaba kamar da? Ma'anar jarrabawar nan kuwa ba za ta bi ki zuwa disaster ba. Idan ita kike son fitarwa, trial ko ordeal ne suka fi kusa.

Sauran 'yan'uwansu biyu ba sa buƙatar dogon bayani. Calamity, nauyi a kan gaɓa ta biyu, tsohuwar kalma ce mai ƙanshin littafi da huɗuba. Tragedy kuma baƙin ciki take kallo, ba yawa ba: mutuwar yaro ɗaya a rijiya tragedy ce, amma ba disaster ba ce.

A takardar insha'i, catastrophe suna ce mai ƙirguwa, ki sa mata a ko the: the flood was a catastrophe for farmers along the Gongola. Ki lura da for ɗin, ita ke nuna wanda abin ya shafa. Ba a mayar da ita aikatau. Za ki iya cewa an kauce mata da avert, kamar a the warning averted a catastrophe, ko ki ce disaster struck idan abin ya auku kwatsam. Akwai kuma a recipe for disaster, wato haɗin da ƙarshensa ba zai yi kyau ba, kamar direba mai gyangyaɗi da taya mai sanƙo a hanyar Kaltungo. A cikin wannan ma recipe ɗin resipi ce, gaɓa uku. Idan an ba ki taken rana mafi muni a rayuwarki, kuma abin da za ki ba da labari shi ne wayarki ta faɗa rijiya, ki tsaya a kan disaster. Ni dai da nake maki, duk takardar da na ga catastrophe a sakin layi na farko nakan duba in ga ko garin ya tashi ne.

Ki gai da yayan naki, ki kuma ce masa ya karanta miki apostrophe da ƙarfi. Idan ya ce apostrof, ku nemi benci.